Tukunya Ɗaya, Kwano Daban-Daban: Darasi Kan Rage Ƙiba a Gidan Yawa

Darasinmu na wannan mako ya ɗan yi tsawo, saboda haka wanda ƙararrawa ta katse shi ya dawo idan an fita tara ya ƙarasa.

Abin da ya kawo wannan darasi

A zangon karatu da ya wuce, Innarmu ta je asibiti a Dutsin-Ma saboda ciwon kai da ciwon gwiwa. Abin har ya kai idan ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Aka gwada jininta, aka ce ya hau. Aka ɗora ta kan sikeli, aka auna tsawonta, sannan ma'aikaciyar jinya ta ce mata: "Hajiya, ga magani nan, amma sai kin taimaka masa. Ki rage nauyi, ki rage mai da gishiri."

Inna ta dawo gida da magani, ta kuma dawo da damuwa. Mu goma sha ɗaya ne a gidanmu, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa. Inna ta yi girki kwana biyu, Umma ta yi kwana biyu. To, yaya mutum ɗaya zai rage ƙiba a gidan da kowa ke ci daga tukunya ɗaya, ba tare da an bar yara da yunwa ba, kuma ba tare da an ɓata wa kowa rai ba? Wannan tambaya ce darasinmu zai amsa. Mun nemi izinin Inna kafin mu rubuta. Ta ce mu rubuta ko wani zai amfana, amma kada mu kuskura mu sa sunanta a bango.

Mece ce ƙiba, kuma yaya ake gane ta?

A wajenmu, idan amarya ta yi ƙiba sai a ce ta samu gidan hutu. Idan ta rame, a ce miji ba ya riƙonta da kyau. Idan namiji ya ajiye tumbi, a ce kuɗi sun zauna. Har akwai masu shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su kumbura. Amma a darasin kimiyya mun koyi cewa kitsen da ya yi yawa, musamman na ciki, yana jawo hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa.

Ma'aikatan lafiya suna da lissafin da suke kira BMI. Ana ɗaukar nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa na mita sau tsawonsa. Ga na Inna: nauyinta kilo 82, tsawonta mita 1.6. Idan aka yi 1.6 sau 1.6 za a samu 2.56. A raba 82 da 2.56, amsa ita ce 32. Ga babban mutum, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce da ke buƙatar kulawa. Ƙasa da 18.5 rama ce, ita ma matsala ce. A lura, waɗannan lambobi na manya ne. Mu yara da ke girma, akwai jadawalinmu daban a asibiti.

Gidan da babu sikeli akwai wata dabara. A samo igiya, a auna tsawon mutum da ita daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, a yanke. A ninka ta biyu, a zagaya ta a ƙugunsa daidai saman cibiya kaɗan. Idan bakin igiya ya haɗu, madalla. Idan ya ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa.

Daga ina kitsen yake zuwa?

Jikin mutum kamar gida ne mai rumbu. Abin da aka shigo da shi ya fi abin da aka ci, rumbu ake kai shi. Haka abincin da ya fi ƙarfin aikin da jiki ya yi, jiki yana mayar da shi kitse ya ajiye. Ana auna ƙarfin abinci da kalori. Giram ɗaya na sitaci, wato irin wanda ke cikin tuwo da shinkafa da rogo, yana da kalori 4. Giram ɗaya na abinci mai gina jiki shi ma 4. Amma giram ɗaya na mai yana da 9, ya ninka su har da ɗori. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja yana da kalori kusan 120. Mai cin garau-garau da ya kwarara cokali uku ya ƙara kusan 360, alhali cikinsa bai ji an ƙara komai ba.

Da muka zauna muka duba, Inna ba ta fi kowa cin tuwo ba. Ƙananan abubuwa ne suka taru: shayi mai sukari cokali huɗu da safe, ɗanɗanon miya, ƙanzon tukunya, da sauran abincin yara da take cinyewa don kada a zubar. Ga shi kuma tun da muka girma muka karɓe mata daka da ɗiban ruwa, zamanta ya fi motsinta yawa.

Hanyoyi uku da muka gwada suka ƙi

Ta farko, yunwa. Inna ta daina cin abincin dare, ta sayi wani shayi wajen mai talla da ya ce yana narkar da kitse cikin mako guda. Abin da ya biyo baya shi ne gudawa da jiri. Ruwan jikinta ne ya tafi, kitse yana nan daram. Da ta koma ci, sai ta ci fiye da da, domin yunwa ba ta san ƙa'ida ba.

Ta biyu, tukunya daban. Inna ta fara dafa nata ita kaɗai. Itace ya ƙaru, cefane ya ƙaru. Abin da ya fi muni, ranar girkin Umma sai ga Inna a gefe da ƙaramar tukunya. Umma ba ta ce komai ba, amma mun ga fuskarta. Maƙwabta kuwa har sun fara cewa uwargida ta daina cin abincin amarya.

Ta uku, a rage wa kowa. Aka rage awon tuwo na gida gaba ɗaya. Daren farko Autanmu mai shekara uku ya tashi da kuka, Yayanmu da ke wuni a lambu ya ce shi dai bai san laifin da ya yi ba.

Daga nan Baba ya tara mu bayan sallar isha'i. Umma ce ta fara magana, ta ce: "Yaya, lafiyarki lafiyar gidan nan ce. Ki faɗa mini abin da aka ce a asibiti, ranar girkina ma haka zan yi." Inna ta dubi Baba ta ce: "Malam, to yaran fa?" Baba ya ce a gyara tukunya saboda kowa, sannan a zuba wa kowa gwargwadon buƙatarsa. Wannan ita ce hanyar da ta yi.

Gyara na farko: cikin tukunya

Waɗannan abubuwa biyar kowa a gida zai amfana da su, babba da yaro.

1. A auna mai. A daina tuttula shi daga kwalba kai tsaye. A gidanmu miyar da ke cin ludayi uku ta koma biyu, kuma ba wanda ya ƙi ci.

2. A rage gishiri da magi sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya da yaji da burodi. Shi kansa magi gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Umma ta riƙa cire dunƙule ɗaya kowane mako, tana ƙara daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da masoro. Sai a mako na uku Baba ya lura, lokacin kuwa harshenmu ya saba.

3. A ninka ganye. Shawarar hukumar ita ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a rana. A nan Allah ya yi mana gata. Dam ɗin Zobe, wanda aka kammala a 1983, yana kusa da mu, kuma lambunan rani na Makera suna fitar da tumatir, tattasai, albasa da sauran kayan miya da ake lodi zuwa Dutsin-Ma da Kurfi da gaba. Da damina ga zogale, rama, tafasa, yakuwa da alayyafo, wasu ma a bayan gida suke fitowa. Abin kunya ne mota ta kwashi kayan lambunmu ta kai birni, mu kuma mu ci gaya da miya tsararo. Lokacin da kaya suka yi arha a shanya kuɓewa da kauɗa da zogale a ajiye saboda bazara.

4. Wake ya fi shinkafa yawa. A da, garau-garau ɗinmu sai an tona kafin a ga wake. Yanzu kusan rabi da rabi ne. Wake yana gina jiki, yana kuma daɗewa a ciki. Haka tuwon dawa da na gero da ba a cika surfe su ba sun fi farar shinkafa da taliya riƙe mutum, saboda dusar da ke jikinsu.

5. A rage suya. Wata rana ƙosai, wata rana alale. Karfasa ko tarwaɗar da aka samo daga dam a jefa ta cikin miya ko a gasa, maimakon a tsoma ta cikin mai kullum.

Gyara na biyu: cikin kwano

A da, Inna da Umma da yayyenmu mata kwano ɗaya suke ci. Mai ci cikin taro ba ya sanin iyakar abin da ya ci. Yanzu suna zama tabarma ɗaya, ana hira kamar kullum, amma Inna da farantinta. Ga yadda ake raba shi:

Rabi: ganye, kamar kwaɗon zogale ko na rama, ko miyar ganye mai kauri, ko kabeji da kokwamba da tumatir.

Kwata: wake, kifi, ƙwai, awara ko nama, duk wanda ya samu.

Kwata: tuwo ko shinkafa ko dambu, kamar girman dunƙulen hannun mai ci.

Mun saya wa Inna ƙaramar mara, malmalarta daban ake kwasa. Tana fara shan ruwa, ta ci ganyen, sannan ta zo kan tuwo, kuma ba ta sauri. Kwaɗon ma ba a cika masa ƙuli-ƙuli da mai. Sauran abincin yara kuwa yanzu rufewa ake yi a yi ɗumame da safe. Tuwon dare da muke ci bayan isha'i ya dawo bayan magariba, don kada a ci a kwanta nan take.

Malaminmu na Islamiyya ya tuna mana cewa koyarwar Manzon Allah (SAW) ce mutum ya raba cikinsa uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ashe tun da can muna da ma'aunin, mantawa muka yi.

Su wa bai kamata su rage abinci ba?

Wannan sashe shi ya fi muhimmanci, a karanta shi sau biyu. Jiharmu ta Katsina tana cikin jihohin da tamowa ke damun ƙananan yara. A gida ɗaya ana iya samun uwa mai ƙiba da yaro mai rama. Saboda haka ba a taɓa rabon waɗannan:

Yara ƙanana. Cikinsu ƙarami ne, suna buƙatar ci sau da yawa. Man da aka rage a tukunya, Umma tana ƙara wa Auta ɗan cokali a kwanonsa, tana kuma dama masa kunun gyaɗa.

Mai juna biyu da mai shayarwa. Ba lokacin rage nauyi ba ne, sai abin da aka ce musu a wajen awo.

Mai aikin ƙarfi. Baba da Yaya suna wuni suna ban ruwa, malmalarsu tana nan yadda take.

Mara lafiya da tsoho mai rama. Mai shan maganin ciwon sukari kuma kada ya tsallake abinci da ra'ayin kansa, domin sukarinsa zai iya faɗuwa ya suma.

Mu ɗalibai. Muna cikin girma, jikinmu da ƙwaƙwalwarmu suna buƙatar abinci. Kada wata ta ƙi karin kumallo don tana son ta zama siririya. Wanda yake ganin nauyinsa ya yi yawa ya gaya wa iyayensa a kai shi asibiti. Sannan mu daina kiran 'yan ajinmu "tulu" ko "buhu". Tsokana ba ta taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba, sai dai ta hana shi fitowa filin wasa.

Sukarin da ake sha

Mutane da yawa suna lissafin abin da suka tauna, su manta da abin da suka kurɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kusan ƙaramin cokali 12 a rana ga babban mutum, idan ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana iya ɗaukar kusan cokali tara. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na gida su ma idan aka cika musu sukari, sun zama ɗaya da na kwalba. Inna ta sauko da shayinta daga cokali huɗu zuwa ɗaya cikin wata guda. Fura da nono tana sha, ƙaramin kofi, babu sukari. Idan kwaɗayin zaƙi ya taso, ga gwaiba, gwanda, kankana ko mangwaro, gwargwadon lokacinsu.

Biki da suna fa?

A al'adarmu, a kawo maka abinci ka ƙi taɓawa raini ne. Dabarar Inna ita ce ta ci kwaɗonta kafin ta fita, don kada ta isa da yunwa. Idan aka kawo waina da shinkafa, ta taɓa kaɗan, ta yaba wa mai girki, ta ce a ƙunsa mata saura ta kai wa yara. Mai gida ta ji daɗi, mu ma da ke jiran tsaraba mun ji daɗi.

Motsa jiki

Shawarar masana ita ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato kamar minti 30 sau biyar. Mu 'yan shekara 5 zuwa 17 kuwa, awa ɗaya kullum. A halin tsaro da ake ciki, ba mu ce kowa ya fita bayan gari da asuba ko da yamma ba. Inna a tsakar gida take zagayawa bayan sallar asuba, ita da Umma, suna lazimi. Ta karɓi shara da ɗan daka daga hannunmu. Unguwar da ke kusa kuma a ƙafa take zuwa, ba ta hawa babur. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi ma'aikacin lafiya irin motsin da ya dace da shi.

Ina aka kwana?

Cikin wata huɗu Inna ta sauko daga kilo 82 zuwa 77. Da Babbar Sallah ta mayar da kilo ɗaya saboda soyayyen nama, daga baya ta sake sauke shi. A asibiti an gaya mata cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ma yana taimaka wa hawan jini, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne iyakar saurin da ake so. Jininta ya yi sauƙi, amma ba ta daina shan magani ba, kuma ba za ta daina ba sai likita ya ce. Da saura, domin lissafinta har yanzu 30 ne. Sai dai yanzu tana tashi daga sujada ba ta nemi bango ba.

Kuɗin man da aka rage su ake ƙarawa a sayi kifi da ganye. Wata maƙwabciya ta tare ta ta ce: "Lafiya kuwa, na ga kin faɗa?" Inna ta yi dariya ta ce: "Lafiyar ce ta kawo haka." Sannu sannu dai ba ta hana zuwa.

Aikin gida

1. Mutum mai kilo 70 da tsawon mita 1.7, nawa ne BMI ɗinsa? A wane rukuni yake?

2. Ka ƙirga cokalin sukarin da ka sha yau, tun daga koko har zuwa dare.

3. Ka rubuta sunan ganye biyar da ake samu a unguwarku a wannan wata.

4. Kawo mutum uku da bai kamata a rage musu abinci ba, tare da dalili.

A jefa amsa cikin akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Gargaɗi na ƙarshe: kada wani ya koma gida ya ce wa mahaifiyarsa ba ta iya girki ba, ya sha muciya, ya ce mu muka aike shi. A faɗi abin da aka koya cikin ladabi, a taya tsinkar zogale, a taya wanke ganye. Wanda ya taya aiki shi ake sauraron shawararsa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a tukunyarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin kulob ɗin 'yan jarida, Makera.